Da Ɗan Gari A Kan Ci Gari: Abin Da Ya Faru A Uhudu

Hausawa suna cewa da ɗan gari a kan ci gari. Suna kuma cewa sai bango ya tsage ƙadangare ya ke samun wurin shiga. Abin nufi, baƙon mayaƙi ko ya ya ƙarfinsa ya ke, bai san inda rijiya ta ke ba, bai san ƙofar da ta ruɓe ba, bai san wanda ke fushi da wane ba. Sai ya sami na ciki ya nuna masa. Da wuya a ba da labarin wani yaƙi ba a sami irin waɗannan mutane a cikinsa ba. To, me ke sa mutum ya miƙa wa abokin gāba hannu, alhali kuwa garinsu a ka zo ci? Amsa mai sauƙi ita ce a ce mugun hali ne. Amma in an duba labarin yaƙin Uhudu da kyau, sai a tarar dalilan suna da yawa, kuma ba nauyinsu ɗaya ba.

Yadda a ka fita

Uhudu wani dogon dutse ne a arewa da Madina, wajen mil 3 daga masallacin Annabi Muhammadu, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. A gindinsa a ka yi yaƙi ran Asabar cikin watan Shawwal, shekara ta 3 bayan Hijira, watau 625 ta Masihiyya. Shekara guda kafin wannan Ƙuraishawan Makka sun sha kashi a Badar, an kashe musu mutum 70, an kama 70. Sabo da haka suka yi shiri na ramuwa, suka taso da mutum 3,000 da dawaki 200, Abu Sufyanu ne shugabansu. Da suka iso sai suka saki raƙumansu da dawakinsu cikin gonakin mutanen Madina suna cin shuka.

Annabi ya tara jama'a a yi shawara. Waɗansu suka ce a zauna cikin gari, in maƙiya sun shigo a yaƙe su a lunguna, mata da yara kuma su yi jifa daga kan soraye. Abdullahi ɗan Ubayyu, babba daga cikin Hazrajawa, yana cikin masu wannan ra'ayi, Annabi ma can ya karkata da fari. Amma samari da waɗanda ba su sami zuwa Badar ba suka nace a fita fili. A ƙarshe a ka fita da mutum 1,000. Ba a yi nisa ba, a wani wuri da a ke kira Shauɗu, sai Abdullahi ɗan Ubayyu ya juya da mutum 300 ya koma gida. Saura 700 suka fuskanci 3,000.

Ƙuraishawa ba su shiga Madina ba, balle su zauna su mallake ta. Duk da haka, cikin 'yan kwanakin nan an ga kusan ko wane irin hali da a kan gani a garin da maƙiyi ya ci.

Wanda rawani ya kuɓuce masa

Kafin Hijira mutanen Madina, watau Ausu da Hazraju, sun daɗe suna yaƙar juna. Yaƙin Bu'asu, wanda a ka yi wajen shekara 5 kafin Hijira, ya cinye manyansu da yawa. Abdullahi ɗan Ubayyu bai shiga wannan yaƙi ba, don haka ya zama mutumin da ɓangarorin biyu za su iya yarda da shi. Masu tarihi sun ce har an fara shirya duwatsun kambin da za a naɗa shi sarki da shi. Ana cikin haka Annabi ya iso cikin 622, jama'a suka juya gare shi, maganar sarauta ta mutu. Bayan Badar Abdullahi ya ga babu makawa, ya shiga Musulunci da baki, amma zuciyarsa tana wurin abin da ya rasa.

Hujjar da ya kawo ran Uhudu ita ce an ƙi shawararsa an bi ta yara, don me za su kashe kansu a banza. Abdullahi ɗan Amru ɗan Haramu ya bi su yana roƙo kada su yar da Annabinsu da danginsu ga maƙiyi a gabansu, suka amsa masa da cewa ba su ga alamar za a yi faɗa ba. Shi mai roƙon kuwa a ranar ya yi shahada. Juyawar ta girgiza sauran rundunar, har zuriya biyu, Banu Salima da Banu Harisa, suka yi kusan bin sawu, sa'an nan suka dake.

Abin lura a nan, Abdullahi bai ɗauki takobi ya shiga sahun Ƙuraishawa ba. Janye hannu kawai ya yi a daidai lokacin da janyewar za ta fi ciwo. Lissafinsa a fili ya ke. In Musulmi sun yi nasara, shi ma Musulmi ne. In an karya su, ga shi da mutum 300 lafiyayyu, ba shi da jinin Ƙuraishawa a hannu, shi ne za a nema a yi sulhu da shi, rawanin da ya kuɓuce ya dawo. Wannan shi ne dalili na farko, kuma ya fi yawa wurin manya: mutumin da a ka ture daga matsayi ya kan ga maƙiyin waje ya fi masa sauƙi a kan abokin takara na gida.

Wanda ya ƙaura zuwa ga maƙiyi

Na biyu shi ne Abu Amiru, babba cikin Ausawa, wanda a ke yi wa laƙabi da Rahibu sabo da ya daɗe yana zaman ibada da sa tufafin masu gudun duniya tun kafin Musulunci. Shi abin da ya rasa ba kambi ba ne, girman malanta ne. Da Annabi ya zo ya ƙi bi, ya kwashi waɗansu samarin Ausu ya tafi Makka. Can ya riƙa zuga Ƙuraishawa, yana yi musu alkawari cewa da zarar mutanensa sun gan shi ba wanda zai saɓa masa.

Ran yaƙi shi ya fara fitowa gaban sahu, ya kira Ausawa ya faɗi sunansa. Maimakon maraba sai suka amsa masa da zagi da jifa. Ya koma yana cewa wani sharri ya sami mutanensa bayan rabuwarsu. An ce kuma shi ya sa a ka haƙa ramummuka a filin, har Annabi ya faɗa ɗaya. Sanin ƙasar da ya yi ne ya sayar.

Irin Abu Amiru ba kuɗi ya ke nema ba. Ya gaskata cewa shi ne a kan daidai, garinsu ne ya ɓace, sabo da haka ko da takobin baƙo ne a gyara shi. Kuma kusan kullum ya kan ruɗi kansa ya ruɗi masu masaukinsa game da yawan mabiyansa, don ya bar gari da daɗewa, yana auna shi da awon jiya. Ƙarshensa, da a ka ci Makka cikin 630 ya gudu Ɗa'ifa, daga nan ya wuce Sham, can ya mutu a baƙunci.

Wani abin mamaki, ɗansa Hanzala yana cikin sahun Musulmi a wannan rana, ango ne ma, kwanansa ɗaya da aure, ya kuwa yi shahada. Amaryar ita ce Jamila, 'yar Abdullahi ɗan Ubayyu. Ɗan Abdullahin ma, mai suna Abdullahi, Musulmi ne na ƙwarai, ya halarci Badar da Uhudu. Ashe tsagewar bangon ba tsakanin ƙabila da ƙabila ta ke bi ba, ta tsakiyar gida ta ke ratsawa.

Tsoro

Da fari Musulmi ne ke da rinjaye. Annabi ya ajiye maharba 50 a kan wani ɗan tudu, Abdullahi ɗan Jubairu ne shugabansu, ya ce kada su gusa ko me suka gani. Da suka ga maƙiya sun ba da baya, yawancinsu suka sauko ɗibar ganima. Halidu ɗan Walidu, wanda bai musulunta ba tukuna, ya kewayo da dawaki ta bayan tudun, yaƙi ya juye. A ka kashe Musulmi wajen 70, har da Hamza baffan Annabi. A ka yi shela cewa an kashe Annabi.

A wannan sa'a ce waɗansu da suka fake a jikin dutse suka fara cewa da ma a sami wanda zai je wurin Abdullahi ɗan Ubayyu ya karɓo musu amana daga Abu Sufyanu. Waɗannan ba munafukai ba ne tun asali, da safe sun fito da niyyar yaƙi. Abin da ya sāke shi ne sun ɗauka an gama, babu sauran abin da za a tsaya wa. Anas ɗan Nadru ya wuce waɗansu suna zaune sun saki makamai, ya ce musu in Annabi ya mutu me za su yi da rai a bayansa, ya kutsa cikin maƙiya har a ka kashe shi.

Wannan dalili na uku shi ya fi kama talakawa. Yawancin masu bin maƙiyi ba sa fara binsa sai sun tabbata shi zai ci. Ƙuraishawa sun san haka, don tun kafin Badar sun aika wa Abdullahi ɗan Ubayyu da takarda cewa ko mutanen Madina su kori baƙonsu, ko kuwa a zo a kashe mazansu a kwashe matansu. A duba kuma yadda mai neman amana ya ke bukatar ɗan tsakani. Tsoron talaka shi ne jarin babban da ya janye tun da fari.

Talauci da iyali

Akwai wani mawaƙi a Makka, Abu Azza, wanda a ka kama a Badar. Ya kai kuka cewa shi matalauci ne mai 'ya'ya mata, Annabi ya sake shi ba fansa, bisa alkawarin ba zai ƙara taimakon kowa a kansa ba. Da a ka zo shirin Uhudu, Safwanu ɗan Umayya ya same shi, ya ce ya taimaka da harshensa, in ya dawo zai wadata shi, in an kashe shi zai riƙe 'ya'yansa tare da nasa. Abu Azza ya yi ta noƙewa, daga baya ya yarda, ya bi ƙabilu yana zuga su da waƙa. Bayan yaƙi a ka sāke kama shi, wannan karo ba a yafe masa ba. 'Ya'yan da ya roƙi rai dominsu, da su a ka saye shi.

Labarin Haɗibu ɗan Abu Balta'a ya fi wannan ban tausayi, ko da ya ke ya faru bayan Uhudu da shekara 5. Sa'ad da Annabi ke shirin tafiya Makka a asirce, Haɗibu, wanda ya yi yaƙin Badar, ya rubuta wa Ƙuraishawa takarda yana sanar da su, ya ba wata mace ta ɓoye cikin kitsonta. A ka aiki Aliyu da Zubairu suka tsare ta a hanya suka karɓo. Da a ka tambaye shi bai yi musu ba. Ya ce shi ba asalin Baƙuraishe ba ne, zaman amana ya yi a cikinsu, iyalinsa suna Makka ba su da dangin da zai kāre su, shi ya sa ya so ya yi wa Ƙuraishawa wani alheri da za su tuna. Umaru ya nemi izini ya sare shi, Annabi ya hana, ya ce gaskiya ya faɗa, kuma mutumin Badar ne. Farkon Suratul Mumtahana a kan wannan al'amari ya sauka.

Aikin Haɗibu ya fi na Abdullahi ɗan Ubayyu kama da cin amana, don shi asirin yaƙi ya aika. Amma an duba dalilinsa da abin da ya gabatar a baya, a ka bambanta shi da wanda ya mai da abin sana'a.

A ƙasar Hausa

Tambayar ta fi tsanani in maƙiyi ya ci gari ya zauna. Haka ta faru a 1903. Turawan Ingila sun ci Kano ran 3 ga Fabrairu, Sarki Alu yana kan hanyar komowa daga Sakkwato. Waziri Ahmadu ya zaɓi faɗa, a ka kashe shi a Kwatarkwashi. Wambai Abbas ya komo da sauran jama'a Kano, Gwamna Lugga ya naɗa shi sarki. Ran 15 ga Maris a ka ci Sakkwato. Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya yi hijira gabas, jama'a masu yawa suka bi shi, ya yi shahada a Burmi ran 27 ga Yuli. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya kai ragowar mutanen Sudan, inda zuriyarsu ta zauna a bakin kogin Nilu.

Waziri Buhari kuwa ya tsaya. Ya yi shawara da malamai, suka ga cewa jama'a duka ba za su iya hijira ba, ga ƙarancin ruwa da abinci a hanya, in kuma shugabanni duk sun tafi ba mai tsaya wa waɗanda suka rage. Suka yarda a yi sulhu a zahiri, muddin ba a hana salla da azumi da sauran shika-shikan addini ba. Waziri ya rubuta wata risala ya bayyana hujjarsa, bai kuma ɓoye cewa zuciyarsa ta yi ta ɗar-ɗar a kan abin ba. Wannan dalili ne na biyar: a zauna don a rage ɓarna. Yana da gaskiyarsa, amma yana da tsadarsa, don kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Cikin 1906, da mutanen Satiru suka tayar, dakarun Sakkwato suna tare da sojan Turawa sa'ad da a ka rushe garin.

Na Zazzau darasi ne dabam. Cikin 1902 Sarki Kwasau ya nemi taimakon Turawa a kan Ibrahim Nagwamatse na Kwantagora, wanda ya addabi ƙasarsa da hari. Suka zo, suka kawar masa da Nagwamatse, suka kuma zauna. Kafin shekara ta kewayo sun kama shi, daga baya a ka kai shi Lakwaja. Wanda ya kira baƙo don ya raba shi da maƙwabci, ba shi ke faɗin ranar da baƙon zai tafi ba.

A Turai

A Yaƙin Duniya na Biyu an sāke ganin fuskokin nan duka. A Nowe, Quisling yana da 'yar ƙaramar jam'iyya wadda jama'a suka ƙi a zaɓe. Ran 9 ga Afrilu 1940, ranar da Jamus ta shiga ƙasar, ya hau rediyo ya ce shi ne shugaban gwamnati. Shi ne Abu Amirun zamaninsa, mai aƙida ba mabiya. An harbe shi cikin Oktoba 1945, sunansa kuma ya zama zagi a harsunan Turai.

A Faransa, Petain, tsohon jarumin yaƙin farko, ya karɓi mulki cikin Yuni 1940 ya yi sulhu da Jamus, ya kafa gwamnati a Vichy, cikin Oktoba kuma ya sadu da Hitila ya yi shelar haɗa kai. Hujjarsa ita ce yana kāre jama'a. Amma cikin Yuli 1942 'yan sandan Faransa da kansu suka kama Yahudawa wajen 13,000 a Faris, har da yara, a ka miƙa su ga halaka. Nan a ke gane iyakar hujjar rage ɓarna: ta kan ƙare a ranar da mai ita ya fara yi wa maƙiyi aikin da maƙiyin ba zai iya yi shi kaɗai ba. Cikin 1945 a ka yanke wa Petain hukuncin kisa, Janar Digol ya mai da shi ɗaurin rai da rai. Abin ya taɓa Hausawa ma, don Nijar tana ƙarƙashin Vichy har Nuwamba 1942, alhali Nijeriya tana hannun Ingila, gwamnan Cadi kuwa, Felix Eboue, ya bi Digol tun Agusta 1940.

Yadda a ka yi da su

Kashegarin Uhudu Annabi ya fita bin sawun Ƙuraishawa har Hamra'ul Asad, ya ce kada wanda ya bi shi sai wanda ya halarci yaƙin jiya. Da haka a ka ware masu juyawa ba tare da an taɓa kowa ba. Ran Jumma'a Abdullahi ɗan Ubayyu ya miƙe a masallaci zai yi jawabi kamar yadda ya saba, mutane suka ja rigarsa suka ce ya zauna, bai cancanta ba. Daga baya, da ya sāke yin wata magana mai muni, Umaru ya ba da shawara a kashe shi, Annabi ya ƙi, don kada a ce yana kashe mutanensa. A hankali danginsa da kansu suka zama masu tsawata masa. Ya mutu cikin shekara ta 9 bayan Hijira, Annabi ya ba da rigarsa a ka yi masa likkafani da ita sabo da roƙon ɗansa.

Wanda ke son ya auna irin waɗannan mutane, tambaya uku za su taimake shi. Shin mutumin yana da wata hanya, ko wuƙa ce a wuyansa? Wa ya ci amfanin abin da ya yi, shi ko jama'a? Wa kuma ya biya, watau jinin wa ya zuba? Haɗibu da Waziri Buhari suna da amsar da za su bayar. Abu Amiru da Quisling ba su da ita.

A Uhudu ɗin dai akwai wani mutum mai suna Muhairiƙu, malamin Yahudawa mai gonakin dabino. Ran yaƙi ya ce wa mutanensa taimakon Muhammadu wajibi ne a kansu sabo da alkawarin da ke tsakani. Suka ce yau Asabar ce. Ya ɗauki takobinsa ya fita shi kaɗai, ya yi wasiyya cewa in an kashe shi dukiyarsa ta Annabi ce ya yi yadda ya so da ita. A ka kashe shi a gindin dutsen, gonakinsa 7 Annabi ya mai da su sadaka ga mutanen Madina.